Luwiziyana: mota ja da mota shuɗiya

Baƙon da ya sauka birnin Nubel-Orleyan, a kudancin Amurka, in yana jin Faransanci, sunayen tituna ne za su fara yi masa maraba: Chartres, Dauphine, Toulouse. Faransawa ne suka kafa garin a 1718 a bakin kogin Misisipi, kafin Napoleyon ya sayar wa Amurka ƙasar Luwiziyana ɗungurungum a 1803. Galibin baƙi kiɗa da abinci ke kawo su. Amma wanda ya taka tsohuwar unguwar a ƙasa, yana duban gine-gine, zai tarar da wani tarihi dabam: na wanda aka yarda ya riƙi littafi da wanda aka hana.

A titin Chartres akwai wani tsohon soro da aka gama wajen 1752, wanda ake ce babu ginin da ya girme shi a duk kwarin Misisipi. Dā can gidan zuhudun mata ne na ɗarikar Katolika, ƴan ƙungiyar Ursuline, waɗanda suka taso daga Faransa suka iso a 1727. Rayuwarsu ta kulle ce: addu'a, jinyar marasa lafiya, renon marayu da lakkwal. Sun karantar da ɗiyan Faransawa, sun kuma ware lokaci don ƴan matan asalin ƙasar da ɗiyan bayi. Sai dai kada a yi gaggawar yabo, domin gidan da kansa yana da bayi masu yi masa aiki.

Ko wannan ƴar ƙofa ma ba ta daɗe a buɗe ba. A 1830 Luwiziyana ta kafa doka: duk wanda ya koya wa bawa karatu ko rubutu, gidan kaso ne makomarsa. Cikin wannan zamani Henriette Delille ta yi ƙuruciyarta. An haife ta a 1813, ɗiya ce ba baiwa ba, amma da jinin baƙar fata a jikinta, kuma gidajen zuhudun Turawa ba su karɓar irinta. Ita da ƙawayenta biyu, Juliette Gaudin da Joséphine Charles, sai suka kafa nasu, Ƴan Uwa Mata na Iyali Mai Tsarki, a 1842. Suka riƙa tattara tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare aka yasar, suna koya wa bayi addini, suna karantar da yara. Delille ta rasu a 1862 ba ta ga ƙarshen bauta ba. Ko tufar zuhudu ba a bar matanta sun fita da ita bainar jama'a ba sai a 1872.

Tafiya kaɗan daga Chartres, a titin Orleans, akwai gidan da suka saya a 1881. Dā can gidan rawa ne, inda labarin gari ya ce attajiran Turawa kan je zaɓen ƙwarƙwara cikin ƴan mata ruwa-biyu. Matan suka mai da shi masauki da lakkwal, suka zauna fiye da shekara 80. Yau otal ne, masu yawon buɗe ido na kwana a ciki.

Hukuma kuwa ta makara ƙwarai. Sai a 1915 baƙar fatar birnin suka samu gidan littattafai na gwamnati, a titin Dryades, da kuɗin attajirin nan Andrew Carnegie. Saura duk na Turawa ne, alhali haraji bai san launin mai biya ba. An buɗe wa kowa ƙofofin a tsakiyar shekarun 1950, bayan faɗi-tashin wata Baturiya, Rosa Keller, wadda ke cikin kwamitin gudanarwa.

Birni ke nan. Mai son ganin yadda abin yake a karkara sai ya ɗauki hanyar arewa, ya wuce Baton-Ruj, fadar jihar, ya isa wani ɗan gari mai suna Clinton. A 1964 gidan littattafan wannan yanki yana da motoci biyu masu zagaya ƙauyuka da kaya: ja ta Turawa, shuɗiya ta baƙar fata. Katin baƙin mutum ma an buga masa hatimi mai nuna launinsa, ba ya aiki sai a shuɗiyar.

Ran Asabar, 7 ga Maris 1964, samari biyar suka shiga ɗakin karatun Clinton. Ɗayansu, Henry Brown, ya nemi wani littafi na Arna Bontemps a kan tarihin baƙar fata. Ma'aikaciyar ta duba, ta ce babu, amma za a aiko masa daga babban gidan littattafan jiha. Sa'an nan ta ce su fita. Brown ya zauna bisa kujera, sauran suka tsaya kusa da shi. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya taɓa kome. Kafin rubu'in sa'a shugaban ƴan sandan yankin ya iso, ya kama su da laifin tada zaune tsaye. Alƙali ya ci Brown tarar dala 150 ta Amurka (ba dalar tamma biyar ba), ko kwana 90 a kaso.

Shari'a ta hau har Kotun Ƙoli a Washinton. Ran 23 ga Fabrairu 1966 aka soke hukuncin, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Tazarar ke nan, murya ɗaya, shekara 12 bayan wannan kotu ta haramta wariya a lakkwal.

Littafin kuwa ya zo. Ƴan makonni bayan kamun, gidan waya ya kai wa Brown shi har gida, tare da takardar umurni: in ya gama karantawa, ya maido ta gidan waya, ko ya miƙa wa shuɗiyar mota.