Abin Da Na Gano A Kan Dutsen Dala

Wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wata tafiya ce na yi Kano, na ga abin da ya tsaya mini a rai, na ce sai na ba ku labari.

Da sassafe na bar Katsina, muka biyo ta Kankiya da Tsanyawa da Bichi, kafin azahar mota ta sauke mu a tashar Ƙofar Ruwa. Maganar sabon littafina ce ta kai ni, sai na sauka gidan Gwaggona a unguwar Dala, inda in ka ɗaga kai daga tsakar gida dutsen kake gani.

Autar Gwaggo, Bilkisu, shekararta 14. Rabona da ita shekara uku, lokacin in ana 'yar gala-gala ko tsallen igiya ita ce kan gaba. Amma yanzu sai na tarar da wata yarinya daban, kullum tana ƙuryar ɗaki, in ta fito kanta a sunkuye, gaisuwa ma da ƙyar ake jin muryarta. Ban kwana ba na gane dalili. Ta zo wucewa da kwanon tuwo sai Gwaggo ta ce, "Kalle ta don Allah, sai ka ce buhun gero. Wa zai kwashi wannan?" Aka kwashe da dariya. Na ce, "Gwaggo, ai da an bar ta tana ɗan motsa jiki." Ta ce, "Ke rufa mini asiri! Budurwa da tsalle-tsalle? So kike a ce ban yi tarbiyya ba?" To kun ji fa, ana yi mata gorin ƙiba, kuma an hana ta motsi.

Akwai maƙwabcinsu Malam Sani tela, wanda zaman keken ɗinki ya cinye masa ƙuruciya, har likita ya ce yana da hawan jini, ya riƙa tafiyar ƙasa. Shi ne ya mai da hawan Dala al'adarsa duk Asabar bayan asuba, kuma ba ya tafiya sai da 'ya'yansa mata uku, kowacce da hijabinta da gorar ruwa. Na roƙi Gwaggo mu bi su ni da Bilkisu, da ƙyar ta yarda.

Kai jama'a, Dala daga ƙasa yake da sauƙi! Ni da nake taƙamar ƙuruciya ban kai rabin matattakalar ba na fara haki, ga 'ya'yan Malam suna hawa suna hira kamar a kan tabarma. Can sai Bilkisu ta zube ta fashe da kuka, ta ce, "Anti ku tafi kawai, ba zan iya ba. Ni ai buhu ce." Wallahi sai da na ji ƙwalla, domin maganar uwarta ce ta fito daga bakinta.

Malam bai yi faɗa ba, bai yi dariya ba. Ya ce, "'Yata, ni ma ranar farko a nan na zauna. Huta abinki, taku goma kawai za mu ƙara." Da goma-goma ɗin nan muka kai sama.

Saman dutsen shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa ja. Ga birni kwance a ƙarƙashinka, ga Goron Dutse can yana kallonka, ga hasumiyoyin babban masallaci kusa da Gidan Rumfa, ga wajajen Kasuwar Kurmi da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A nan Barbushe ya zauna da mutanensa tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Amma ni duk tarihin nan bai kai mini dariyar Bilkisu ba, lokacin da ta hango rufin gidansu ta ɗaga murya, "Anti ga gidanmu can!"

Muna hutawa Malam ya tuna mana cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta wuce shi, daga baya suka sake ya wuce ta. Ni kuma na tuna iyayenmu da suka tashi cikin daka da surfe da ɗebo ruwa da gaɗa a dandali. Yau inji ya karɓi daka, Adaidaita Sahu ta karɓi tafiya, waya ta karɓi dandali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matashi na bukatar motsa jiki na minti 60 a rana, kuma rahotonta na 2019 ya nuna cikin 'yan mata 100 masu shekara 11 zuwa 17 a duniya, 85 ba sa samun hakan.

Da daddare na samu Gwaggo ita kaɗai na gaya mata abin da Bilkisu ta faɗa a kan dutse. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce, "Ni fa wasa nake yi mata." Na ce, "Gwaggo, ita ba ta ɗauka wasa ba." Ba ta amsa mini ba, amma ranar da zan tafi na ji ta leƙa gidan Malam tana cewa in Asabar ta zo su biyo wa Bilkisu.

Iyayenmu mata, magana zarar bunu ce. Sunan da kika kira 'yarki da shi, da shi za ta kira kanta ranar da ba kya nan. Iyayenmu maza kuma, yaro abin da ya ga kana yi shi yake yi. In babu dutse a garinku, ai akwai tsakar gida da igiya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum.