Gida Duka Ne Zai Sake Tukunya

Iyaye da yawa, in sun ga ɗansu ya yi ɓul-ɓul, sai su ce daɗi ne ya zauna masa. Amma ƙibar ƙuruciya takan bi mutum har girma, ta jawo ciwon sukari da hawan jini. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana da sukari wajen giram 35.

Uwa mai hikima ba ta yi wa irin wannan yaro gori, ba ta kuma ware masa kwano. Gida duka ne zai sake tukunya: ruwa maimakon lemo, wake da zogale maimakon soye-soye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ya motsa jiki minti 60 kullum. Langa da ƙwallo sun isa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.