Dalilin da Ya Sa Mario Yake da Gashin Baki

A shekarar 1981, wani matashin mai zane a kamfanin Nintendo da ke birnin Kyoto na ƙasar Japan, Shigeru Miyamoto, ya tsinci kansa a gaban matsalar da ta fi kama da lissafi fiye da zane. An ɗora masa aikin ƙera sabon wasa, wanda ya zama Donkey Kong, kuma yana buƙatar ɗan mutumin da zai riƙa hawa tsani yana tsallake gangunan da wani goggon biri ke mirgino masa. Filin da na'urar ta ware wa mutumin bai wuce ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance ba. Ɗigon nan, da masana ke kira fiksel, shi ne ƙwayar haske mafi ƙanƙanta da allo ke iya kunnawa. A cikin wannan ɗan murabba'i za a cusa kai da gangar jiki da hannuwa da ƙafafu, a kuma sa mai kallo ya gane mutum ne da duba ɗaya.

Baki ya ƙi zanuwa, sai Miyamoto ya shimfiɗa gashin baki, wanda ya rufe wurin ya kuma fito da hanci. Suma tana buƙatar motsi duk lokacin da mutumin ya yi tsalle ko ya faɗo, sai ya kifa masa hula. Hannuwa kuwa sajewa suke yi da jiki idan launinsu ɗaya, don haka ya sa masa wandon ma'aikata mai maɗauri biyu a kafaɗa a kan riga mai wani launi daban, yadda za a ga hannun yana kai da komo in ana gudu. Haka wanda aka fara kira Jumpman, kafinta a wasan farko kuma mai gyaran famfo daga 1983, ya samu kamanninsa. Ba a zaɓi ko ɗaya cikin alamomin nan uku don kyau ba, amma shekara 40 da ɗoriya ke nan kamfanin bai iya cire ko ɗaya ba.

Wasannin gudu da tsalle, irin waɗanda ɗan wasa ke kora mutum daga hagu zuwa dama yana haye ramuka da dandamali, sun girma ne a ƙarƙashin dokoki masu tsauri. Na'urar Famicom da Nintendo ta fitar a Japan a 1983, wadda ta isa Amurka a 1985 da sunan NES, tana da launuka 50 da 'yan kai kacal, kuma kowane ɗan hoto mai motsi launi 3 kawai aka yarje masa. Idan irin waɗannan hotuna suka haura 8 a layi ɗaya, sai su fara ƙyaftawa, wasu na ɓacewa suna dawowa. Wannan na'ura ce, ko kuma kwaikwayonta mai araha da aka riƙa shigowa da shi daga Asiya, yaran Kano da Kaduna da Jos suka sani a shekarun 1990, da kaset ɗinta rawaya mai alƙawarin dubban wasanni alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa.

Dukan wasan Super Mario Bros. na 1985 kilobayit 40 ne, bai kai hoto ɗaya na wayar yau ba. Tsimin da aka yi a cikinsa ya isa a koya wa mai riƙon gida. Gajimaren sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Goomba, ɗan abokin gabar nan mai siffar naman kaza, ba shi da hoton tafiya na biyu: hoton guda ake juyawa dama da hagu, ido ya ɗauka takawa yake yi. A kamfanin Capcom ma, jarumin Mega Man na 1987 ya zama shuɗi ne saboda shuɗi ya fi yawan kala-kala a rumbun launukan na'urar. Masu saƙar tabarma sun san wannan hali tun da daɗewa. Ba a lanƙwasa layi a saƙa, matakala ake yi masa, idon mai kallo ya ƙarasa sauran.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya yi tasiri fiye da yadda ake zato. Kowane jarumi ya kasance yana da fuska biyu: ta cikin allo, wadda 'yan ɗigogi ne, da ta jikin kwali da littafin bayani, wadda aka zana da hannu. Tazarar da ke tsakaninsu ɗan wasa ne ke cike ta da tunaninsa. Nintendo ta ɗauki wannan fuska ta biyu da muhimmanci. A 1985 ta jawo Yoichi Kotabe, gogaggen mai zanen finafinan katun wanda ya yi aiki a Toei, kuma shi ya gyara Mario ya ba shi zagayayyen jiki da fara'ar da aka san shi da ita. Bowser, babban mugun wasan, da farko Miyamoto ya zana shi da kamar sa, sai abokin aikinsa Takashi Tezuka ya tuna masa cewa shugaban rundunar kunkuru ai kunkuru ya kamata ya zama. Ko launin tufafin Mario bai zauna wuri ɗaya ba: jan wando da shuɗiyar riga a Donkey Kong, riga mai ruwan ƙasa a cikin wasan 1985, sai a ƙarshen shekarun 1980 aka tsaya a kan jar riga da shuɗin wando.

Inda ba a kula da fuskar ta biyu ba kuwa, an ga abin dariya. Kwalin Mega Man na Amurka ya nuna wani magidanci mai murtukakkiyar fuska, sanye da rawaya da shuɗi, riƙe da ƙaramar bindiga, wanda ko a mafarki bai yi kama da yaron mutum-mutumi mai manyan idanu da ke cikin wasan ba. Bayan wannan kuskure akwai wani zato da ya daɗe a kasuwar: wai yaron Amurka ba ya sayen abu mai ban sha'awa da taushi, sai mai zafin rai. Zaton ne ya sa Kirby, ɗan dunƙulen nan mai ruwan hoda da ke murmushi a kwalayen Japan, ya shafe shekaru yana haɗe gira a kwalayen Amurka.

Da na'urori suka ƙara ƙarfi, tambayar da ke gaban masu zane ta sauya. Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1988, tana zaɓa daga launuka 512. Super Famicom ta 1990 kuwa daga 32,768 take zaɓa, tana nuna 256 a lokaci guda. Yanzu baki yana zanuwa, gira tana ɗaguwa, don haka sai aka koma neman hali. Sega tana son jarumin da zai sa Mario ya zama kamar dattijo. Mai tsara manhajar, Yuji Naka, yana son wasa mai gudu da maɓalli ɗaya, abin da ya kawar da zomon da aka fara tunani, mai ɗaukar kaya da kunnuwa, domin ɗauka da jifa suna rage sauri. Ana buƙatar dabbar da tsallenta kansa makami ne, sai aka faɗa kan bushiya, mai dunƙulewa ta zama ƙwallon ƙaya. Naoto Ohshima ya zana ta da shuɗin tambarin Sega da jan takalmi, da idanu biyu a haɗe irin na tsofaffin katun ɗin Amurka. Sonic na 1991 ya zo da wata 'yar dabara da ta bayyana zamanin gaba ɗaya: idan ɗan wasa ya ajiye maɓalli na 'yan daƙiƙu, sai ya juyo ya harare shi yana buga ƙafa a ƙasa. 

Mararrabar gaske ta zo ne a 1994. Kamfanin Rare da ke ƙauyen Twycross a Ingila, na 'yan'uwa Tim da Chris Stamper, ya zuba kuɗi a manyan kwamfutocin Silicon Graphics, irin waɗanda aka yi amfani da su wajen ƙera dabbobin fim ɗin Jurassic Park. Da su aka sassaƙa birai da dazuzzuka masu zurfi da inuwa, sannan aka ɗauki hotunansu aka matse su cikin kaset na Super Famicom. Donkey Kong Country ya girgiza kasuwa, ya sayar da kwafi sama da miliyan 9, kuma goggon birin da Kevin Bayliss ya sake zanawa shi aka ci gaba da amfani da shi kusan shekara 30. Shekara guda bayan haka, masu zanen Nintendo na cikin gida suka bi akasin wannan hanya. A Yoshi's Island na 1995 duwatsu da gajimare sun fito kamar yaro ne ya zana su da fensir mai launi, layukan a karkace da gangan. An zana su da hannu ne a takarda, aka kwafe su ɗigo bayan ɗigo.

A lokacin, na Rare ne ya fi kama da gobe. Yau idan aka jera su biyu, ƙyallin Donkey Kong Country ya dusashe ya koma kamar kayan roba, domin ya jingina darajarsa da fasahar da aka wuce cikin 'yan shekaru, ko da yake kiɗansa da tsarin matakansa suna nan daram. Yoshi's Island bai yi gasa da kowa wajen kama da zahiri ba, shi ya sa babu wanda ya wuce shi.

Shigowar wasanni masu zurfi, inda jarumi ke shiga ciki ya juya ko'ina, ta mayar da hannun agogo baya. Ɗigo ya ba da wuri ga ƙananan alwatika da ake harhaɗawa su zama jiki, su ma kuma a ƙirge suke. Crash Bandicoot na kamfanin Naughty Dog, wanda ya fito a PlayStation a 1996, da alwatika wajen 500 aka gina shi. An ba shi ƙaton kai ba wuya domin a ga yanayin fuskarsa a allo mai hazo, aka kuma shafa masa ruwan lemo saboda ya fita daban a cikin koren daji. Miyamoton 1981 zai gane wannan lissafi nan take.

Sonic ne ya fi shan wuya a wannan ƙaura. An ƙera shi don a kalle shi daga gefe, gajere mai tumbi. Da kyamara ta koma bayansa a Sonic Adventure na 1998, sai Yuji Uekawa ya tsawaita masa ƙafafu da ƙayoyi, ya rage tumbin, ya ba shi korayen idanu. Masoyan wasan sun rabu biyu a kan haka har yau, har Sega ta gaji ta sa tsohon da sabon a wasa ɗaya, Sonic Generations, a 2011. Adalci shi ne a ce Uekawa ya fahimci aikinsa: ya taɓa tsawo da launin ido, ya bar inuwar. Duk wanda aka nuna wa baƙin zanen siffar nan, ƙayoyi a baya da haɗaɗɗun idanu da manyan takalma, zai faɗi sunanta.

Waɗanda ba su fahimci haka ba sun gani a ƙwaryar cinsu a Afrilun 2019, lokacin da kamfanin Paramount ya saki tallan fim ɗin Sonic. A wannan karon babu wata doka ta na'ura, ana iya zana kowane silin gashi. Abin da aka samu shi ne wata halitta mai ƙananan idanu a rabe, da haƙoran ɗan Adam, da cinyoyin ɗan tsere, ba safar hannu. Ihun da aka yi a intanet ya kai darakta Jeff Fowler ya yi alƙawarin gyara cikin 'yan kwanaki. Aka ɗage fim ɗin daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020, aka kira Tyson Hesse, mai zanen da ya san jarumin ciki da waje, ya mayar da shi kusa da asalinsa. Wani zai ce mene ne na tayar da jijiyar wuya a kan bushiyar katun. Amma mutanen da suka yi ihun su ne yaran da suka ƙarasa zanen da kansu a gaban talabijin shekara 28 kafin wannan lokacin, kuma mutum ba ya yarda a taɓa abin da yake ganin da hannunsa a ciki.

Su ma masu begen da ɗin akwai abin da ya kuɓuce musu. Zanen ɗigo-ɗigo da ake yayi yanzu, mai kaifin kusurwa kamar tayil, ba shi yaran wancan zamani suka gani ba. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya tana narkar da ɗigogi cikin juna, kuma masu zane sun yi aiki da wannan hazo kamar yadda mai gini ke aiki da laka. Ruwan da ke kwararowa daga dutse a matakin farko na Sonic siraran layuka ne a tsaye, ɗaya da launi ɗaya babu, waɗanda talabijin da wayarta ke gaurayawa su zama ruwa garai-garai da ake hango abin da ke bayansa. A allon waya ko na kwamfutar yau, layukan kawai ake gani. Capcom ta bi wannan bege har ƙarshensa a 2008, da ta fitar da Mega Man 9 a kan na'urorin zamani cikin launukan NES. Ta sa aka zana masa hoton talla mai muni da gangan don tunawa da magidancin nan mai bindiga, sannan ta ƙara wani zaɓi a cikin saitin wasan: wanda ya so, yana iya kunna ƙyaftawar hotunan nan da injiniyoyin 1987 suka yi ta fama su rage.