Na Gwada Maganin Barci Na Mutanen Sin

Tun da na fito kwalejin horon malamai na kama koyarwa, barci ya ƙaurace mini. Sai in kwanta ƙarfe goma, in yi ta juye-juye har kiran assalatu. Da safe kuwa ga 'yan aji suna jirana, ni ko idanuna ja wur.

Ana nan sai yayana, wanda ke fatauci zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya kawo mini ƙullin magani. Babban abin da ke ciki sunansa suan zao ren, watau ƙwallon 'ya'yan wata itaciya dangin magarya da kurna. Mutanen Sin sun daɗe da shi, domin wani likitansu, Zhang Zhongjing, ya rubuta haɗinsa wajen shekara ta 200 miladiyya. Abu 5 a ke dafawa tare.

Na ce ba zan sha a makance ba. Na sami littafi, na ja layi kamar rajistar aji. Mako 2 ban sha ba, ina dai rubuta lokacin kwanciya da na tashi. Sa'an nan na sha mako 2. Wallahi barci ya ƙaru, har na fara yabonsa a ɗakin malamai.

Da na sake duba littafin sai kunya ta kama ni. Ashe a makon da na fara sha ne aka gama jarrabawa, na huta da duban takardu cikin dare, na kuma bar shan shayi bayan magariba. To, wanne ya yi aikin?

Shi ya sa likitoci kan raba mutane kashi biyu. Waɗansu a ba su maganin, waɗansu a ba su wani abu mai kama da shi wanda ba kome ciki, ba mai sanin wanda ya samu. An gwada wannan magani sau da yawa a Sin. Waɗansu gwaje-gwajen sun nuna amfani, amma masu bincike sun ce da yawansu ba a tsara su sosai ba.

Inna ta ce in sam mata. Na hana, domin tana da hawan jini, cikin haɗin kuwa akwai wata saiwa mai zaƙi, gan cao, wadda kan ɗaga jini in an yawaita. Na ce sai mun tambayi likita. Ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata da ƙyar.

Bayan hutu in an koma aiki zan sake gwajin, in Allah ya so. Wannan karon ba abin da zan canja sai maganin kaɗai.