Innsbruck, Inda Ake Ƙera wa Kurma Ji

Da hantsi jirgin ƙasa ya sauke ni a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya. Duk titin da na miƙa, sai in ga dutse ya tare ƙarshensa, kansa fari fat da ƙanƙara. Na daɗe a bakin kogin Inn ina ɗaga kai kafin na nufi abin da ya kawo ni, wato kamfanin MED-EL, aikin wata injiniyar lantarki mai suna Ingeborg Hochmair.

Tun tana matashiya a jami'ar fasaha ta Biyana ta ɗaura ɗamarar sa kurma ya ji. Ita da Erwin Hochmair, wanda ya zama mijinta, suka ƙera na'urar da Farfesa Kurt Burian ya dasa a kunnen wani majinyaci a Disambar 1977. A 2013 aka ba ta lambar yabo ta Lasker tare da Graeme Clark da Blake Wilson.

Da wani injiniya a kamfanin ya ɗora mini wayar da ake dasawa a kunne a tafin hannu, sai na saki baki. Siririya ce, mai laushi, tsawonta bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba, an jera mata ɗigo-ɗigon ƙarfen filatinam. Da hannu ake harhaɗa ta, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, cikin natsuwa irin ta masu ɗinkin hula a Kano, sai dai nan zare ɗaya ya kauce an watsar da aikin.

Kaina fa ya ɗaure. Yaya wutar lantarki za ta zama murya? Ya zana mini katantanwar cikin kunne, mai naɗi biyu da rabi. Siririn sauti a bakinta ake jinsa, mai kauri can ƙurya. Na'urar da ke maƙale a bayan kunne ta rarraba magana, ta aika ta cikin fata, kowane ɗigo ya zunguri jijiyar da ke kusa da shi. Ƙwaƙwalwa kuma ta yi watanni tana koyon fassara. Allah mai iko!

Da ya ji daga inda na fito, sai ya ambaci sanƙarau. Ya ce bayan ciwon, katantanwar kan cike da ƙashi cikin 'yan watanni, har wayar ta rasa hanyar shiga. A kan haka na yi ta yi masa tambaya har aka tashi aiki, domin duk bazara ciwon nan yana kurmantar mana da yara daga Sakkwato har Damagaram.