Budurwa a gidan Dodo

A garin Dogo, kudu da birnin Damagaram, tsofaffi mata suna da wata tatsuniya da suke ba ƴan mata da dare. Wata budurwa ce ta rantse ba za ta auri mai tabo a jiki ba. Samarin gari suka zo, ta kore su. Sai wani baƙo ya iso, jikinsa sumul, aka ɗaura aure. Da suka yi nisa cikin daji ya rikiɗe, ashe Dodo ne. Kowace yarinya ta san inda kaka ta dosa: a bi zaɓin iyaye.

Mutanen Ingila ma suna da irin wannan gidan tsoro cikin littattafan da suke kira gotik, amma fa su laifin ba a kan yarinya suke ɗora shi ba. A shekarar 1794 Ann Radcliffe ta wallafa labarin Emili, marainiyar da mijin gwaggonta, Montoni, ya tsare a wata tsohuwar ganuwa mai suna Udolfo, cikin duwatsun Italiya. Tana jin motsi da dare tana zaton aljanu ne. Ba aljani ko ɗaya. Abin tsoron yana zaune a zaure da alƙalami a hannu, yana son ta sa hannu ta sallama masa gado. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin yadda ake cin dukiyar marayu zai gane Montoni tun daga nesa.

Wanda ya fi shiga rai shi ne Jane Eyre na Charlotte Brontë, na 1847. Jen marainiya ce, tana da shekara 18 ta kama aikin karantar da wata yarinya a babban gidan Rochester. Tana jin wata dariya daga bene, aka ce mata wata ƴar aiki ce. Sai ranar ɗaurin aurenta da maigidan asiri ya tonu: yana da mata, mai taɓin hankali, a kulle a saman gidan shekara da shekaru. Mai karatu na nan zai ce, to mene ne, ai sai ta shiga ta biyu. Dokarsu ba ta yarda ba. Kuma ko da ta yarda, namijin da ya ɓoye uwargida a ɗaki ya sa kwado ba abin amincewa ba ne. Jen tana son sa, duk da haka ta fita da asuba, ta kwana da yunwa, ta yi bara. A wannan fitar ta girma.

Abin da ya ba ta ƙafar fita kuwa karatu ne, domin daga baya ta samu koyarwa a makarantar ƙauye kan fam 30 a shekara. Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Da yawa daga lakwal aka cire su. Ana kai amarya da dare, fuska a lulluɓe, gidan da ba ta san ɗakunansa ba, ƙawaye su kwana su watse, a bar ta da tatsuniyar kaka.