Karatun Zaure a Kete-Krachi

A hutun ƙarshen shekara muka yi tattaki zuwa Kete-Krachi, garin da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa bayan yaƙin Salaga na 1892, har ya rasu a 1934. Tsohon garin dai ruwan tafkin Volta ya cinye shi tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965. Sai masu kwalekwale ke nuna wa baƙo wurin da hannu.

Bayan sallar Asuba aka kai mu zauren wani dattijon malami a zango. Ɗalibai bakwai muka tarar, kowa da littafinsa. Wani tela na kan Ahalari, wani mahauci mai furfura ya kai tsakiyar Risala. Kowa ya matso ya karanta layi biyu ko uku, malam ya fassara masa da Hausa, ya ja da baya. Babu aji, babu ƙararrawa, babu jarrabawa.

Mu da aka horar a kwalejin malamai, muka saba da manhaja da jadawalin mako, abin ya tsaya mana a rai. Sau nawa muka wuce babi alhali rabin aji bai gane ba, don kawai sufeto na tafe?

Amma zauren ma da nasa ciwon. Mahaucin ya ce shekararsa tara a kan littafin nan, kuma 'ya'yansa ba wanda ya yarda ya zauna. Takardar shaida suke nema. Muka tambayi malam wa zai gaje shi. Ya gyara zama, ya ce wa tela, "Ci gaba."